Shirin tafiya Yankari daga Jos: abin da ake sayarwa da abin da ake samu

Da an shiga Disamba, tallar tafiya gandun namun daji na Yankari da ke jihar Bauchi ta fara yawo ke nan a wayoyin mutanen Jos: hoton giwa, hoton ruwan ɗumi na Wikki garai-garai, farashin mutum ɗaya, sai alƙawarin mota da ɗaki da abinci da zagayen ganin namun daji. Masu shirya tafiyar suna da yawa. Wasu kamfanoni ne masu ofis, wasu kuma matasa ne da ke haɗa kai su ɗauki hayar bas. Amma tsarin nasu kusan ɗaya ne: a tashi Asabar da safe, a kwana ɗaya a sansanin Wikki, a juyo Lahadi. Wannan tsari na kwana ɗaya shi za mu ɗora a sikeli, ba wani kamfani guda ba, domin alherinsa da cikas ɗinsa duk daga jadawalin suke fitowa, ko wane ne ya shirya.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne, in wanka a Wikki da canjin iska ake nema, shirin ya ci kuɗinsa. In kuwa don giwa da ɓauna da gwanki aka biya, jadawalin kwana ɗaya yakan kai mutane daji daidai lokacin da dabba ta shige inuwa, ya kuma fito da su daidai lokacin da take shirin fitowa. Mutane su dawo Jos suna cewa babu komai a Yankari sai birai, alhali namun suna nan, lokacin ne aka kuskure.

A fara da lissafin hanya, domin a nan ake fara asara. Daga Jos zuwa Bauchi kimanin kilomita 130 ne, ta Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabordo. Daga Bauchi a kama hanyar Gombe zuwa Dindima, a nan ake karya kwana a yi kudu zuwa Mainamaji, inda babbar ƙofar gandun take, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Abin da yawancin tallace-tallace ba sa faɗa shi ne, isa ƙofa ba isa Yankari ba ne. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran tafiyar kilomita 40 da ɗoriya a cikin daji, kuma ba hanyar gudu ba ce, don dabba na iya tsallakowa a kowane lokaci. Jimilla daga Bauchi zuwa Wikki wajen kilomita 110, daga Jos kuwa wajen 240. Bas mai cin mutum goma sha takwas, da shingayen bincike, da tsayawar shan mai da kama ruwa a Bauchi, da rajista da biyan kuɗi a ƙofa, sa'a huɗu da rabi zuwa biyar ya kamata a lissafa mata. Mai shiri da ya ce maka sa'a uku, zuwa ƙofa yake nufi, ko kuma direbansa mai ganganci ne.

To, an rubuta tashi ƙarfe bakwai. Tafiyar ayari kuwa kowa ya san halinta: a jira wannan, a biya a ɗauki wancan a Farin Gada, a tsaya sayen ƙanƙara da burodi. Sai takwas da rabi ake barin gari, a isa Wikki wajen ɗaya da rabi. A karɓi makullan ɗakuna, a yi azahar, a ci abinci. Saboda ana son a samu lokacin wanka kafin magariba, sai a cusa zagayen daji wajen ƙarfe biyu da rabi, a dawo kafin biyar. Washegari kuma, wanda shi ne safiya ɗaya tak da aka mallaka a cikin gandun, sai a ba da ita ga barci da karin kumallo da sake shiga ruwa da ɗaukar hotuna, a kama hanya da hantsi. An zo har gida ke nan an bar mafi tsadar abin da ke cikinsa.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san dajin. Yankari ba buɗaɗɗen fili ba ne irin wanda ake gani a hotunan Kenya da Tanzaniya, inda ido ke cin kilomita da yawa ba shamaki. Dajin itatuwa ne, kawo da marke da taura da ire-irensu, ga gamba a ƙarƙashi wadda kan fi mutum tsawo bayan damina. Gwanki na iya tsayawa taku talatin daga hanya ba a gan shi ba. Abin da ke fito da dabbobi fili shi ne ƙishirwa, kuma ruwan da ba ya ƙafewa shi ne kogin Gaji da fadamarsa, wanda ya ratsa tsakiyar gandun. Da sanyin safiya da kuma bayan la'asar dabbobi ke saukowa kiwo da shan ruwa. Tsakanin sha ɗaya na safe da uku na rana suna kwance cikin kurmi, ba motsi. Zagayen da ya tashi shida da rabi ko bakwai na safe, da wanda ya tashi wajen huɗu na yamma ya kai faɗuwar rana, su ne zagaye. Na tsakar rana ƙona mai ne da shan ƙura.

Haka batun wata. Tallar ta fi zafi a hutun ƙarshen shekara, don lokacin ne yara ke gida, amma a Disamba ciyawa ba ta gama kwantawa ba, kuma akwai sauran ruwa a kududdufai nan da can, saboda haka dabbobi a warwatse suke. Ga hazon hunturu da ke dushe hoto. Daga Fabrairu abin ke fara kyau, Maris da Afrilu su ne ƙololuwa: ganye ya zube, ciyawa ta bushe, ruwa ya koma Gaji kaɗai. Farashin wannan kyau shi ne zafi. Mutumin Jos da ya saba da tudu mai tsayin mita 1,200 sama da teku zai sauka kwarin da bai fi 'yan ɗaruruwan mita ba, inda zafin bazara ke taɓa digiri 40. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsofaffi da ƙananan yara da masu hawan jini, kuma ba mu cika ganin masu shiri suna gargaɗi a kai ba. Daga Mayu zuwa Satumba damina ce: dajin ya yi kore shar, ga kyau, amma hanyoyin fadama kan yanke, ganin dabba kuma sai sa'a. Wanda ke sayar da “zagayen giwaye” a watan Agusta ba tare da ya faɗi wannan ba, bai yi wa masu saye adalci ba.

Me za a gani, in an dace da lokaci? Gwaggon biri da gadu ba sai an nema ba, a cikin sansanin ma suke yawo. Gwambaza da mazo kusan kullum ana samunsu a bakin fadama. Gwanki da kanki da ɓauna suna buƙatar fita da wuri da jagora mai ido. Akwai dorina da kada a wasu gurbabun kogin, ga kirka da jan biri. Tsuntsaye kuwa an ƙirga fiye da iri 350 a gandun, daga zabin daji da burtu zuwa zalɓe da borin tunke, kuma wanda ya zo da madubin hangen nesa ba zai koma hannu rabbana ba ko da bai ga babbar dabba ko ɗaya ba.

Giwa ita ce ake zuwa dominta, ita ce kuma ya kamata a faɗi gaskiya a kanta. Ƙiyasin da masu kula da gandun suka daɗe suna bayarwa shi ne giwaye 100 zuwa 150, kuma yana cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya. Faɗin gandun kuwa murabba'in kilomita 2,244. In aka raba, giwa ɗaya ga murabba'in kilomita 15 zuwa 22 ke nan, sannan ba ɗai-ɗai suke yawo ba, garke-garke ne, wato yawancin dajin a kowace sa'a babu giwa ko ɗaya a cikinsa. Zagaye ɗaya na sa'a biyu ba ya lamunce ganinta. Abin da ke taimakon mai ziyara shi ne babbar giwa na shan fiye da lita 100 na ruwa a rana, don haka a bazara ba ta iya nisa da Gaji. Zagaye uku ko huɗu a watan Maris, dama ce mai ƙarfi. Zaki kuwa akwai shi, 'yan kaɗan ne ƙwarai, Yankari na cikin wuraren ƙarshe da ya rage a ƙasar nan, amma wanda ya ji gurnaninsa da dare ko aka nuna masa sawunsa a rairayi ma ya yi sa'a. Sannan in ka ga raƙumin dawa ko jakin dawa a hoton talla, ka tambaya. Waɗannan a gandun Sumu ake ganinsu, can ɓangaren Ganjuwa, inda aka ajiye dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006. Wata tafiya ce daban, ba ta cikin hanyar Wikki.

Akwai abin da mai saye ya kamata ya gane game da wanda yake ba wa kuɗinsa. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. A 2014 kuma ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga yarjejeniya da jihar kan aikin sintiri da tsaron dabbobi. Ma'anar wannan ga mai tafiya ita ce ɗakuna da motocin zagaye da jagorori duk na hukumar gandun ne. Mai shirin da ke Jos ɗan tsakiya ne. Abin da ke hannunsa da gaske uku ne: bas ɗin da ya ɗauko, jadawalin da ya tsara, da kuma ko ya kama ɗaki da motar zagaye tun da wuri ko sai an isa zai fara ciniki. A kan waɗannan ukun ake auna shi. Ba laifinsa ba ne in giwa ba ta fito ba, amma laifinsa ne in mutum goma sha takwas suka tsaya a rana suna jiran motar da wani ayari ya riga ya fita da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a ranakun hutun sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara motocin zagaye ba sa isar jama'a.

Saboda haka kafin a ba da kafin alƙalami, a yi masa tambaya kai tsaye: “Malam, zagaye nawa ne a cikin kuɗin nan, kuma na ƙarfe nawa aka kama mana?” Wanda ya san aikinsa zai amsa nan take. Wanda ya ce “in mun isa za a gani” ya riga ya ba ka amsa. A kuma nemi ya warware kuɗin dalla-dalla a rubuce: kuɗin shiga na kowane mutum, kuɗin shigar mota, kuɗin kyamara in ana karɓa, ɗaki da ajinsa da mutum nawa za su kwana a ciki, abinci sau nawa, motar zagaye da jagora. Rigimar da ta fi yawa a irin wannan tafiya a bakin ƙofar Mainamaji take tashi, inda ake cewa kowa ya ƙaro kaza don kuɗin shiga “ba ya ciki”. Shirin da ya fi kowanne araha sau da yawa zagayen ne aka cire daga cikinsa, ko aka haɗa mutum huɗu a ɗakin mutum biyu. A tambayi kuma me zai faru da kuɗi in mutane ba su cika ba aka fasa.

Motar zagayen kanta tana da nata sharuɗɗa. Buɗaɗɗiya ce, mai kujeru a jere, kuma bambancin mota mai mutum takwas da mai mutum ashirin ba na wurin zama kaɗai ba ne. Hayaniya ce. Gwanki da kanki suna jin muryar mutane tun daga nesa su shige, sai na kujerar gaba kawai ya hangi ƙurarsu. Ayarin da ke son ganin wani abu ya raba kansa gida biyu, ya kashe waƙa, ya sa wayoyi a shiru, ya bar wa jagora magana. Ana barin mutum ya shiga da motarsa in ya ɗauki jagoran gandun, amma sai mota mai tsayi daga ƙasa, wadda ƙafafunta huɗu ke ja in da hali, da lafiyayyar tayar ajiya da jak, domin hanyoyin ciki rairayi ne da kwazazzabai. Bas ɗin haya ba ta wannan aiki ba ce, tagoginta ƙanana, cikinta kuma na dukan ƙasa. A cika tanki a Bauchi, kada a dogara da samun mai bayan an bar babbar hanya.

Jagoran nan shi ne rabin tafiyar. Da yawansu 'yan ƙauyukan da ke kewaye da gandun ne, sun san sawu, sun san ɗanyen kashin giwa da na jiya, sun san reshen da aka karya da safen nan. A gaishe shi da mutunci tun daren da aka isa, a gaya masa abin da aka fi son gani, a tambaye shi inda masu sintiri suka ga garke a ranar. Ihsanin da za a yi masa a ƙarshe a ware shi daban, kada a bar shi cikin lissafin mai shiri, don ba kullum yake isa hannun mai shi ba.

Sai ƙudan tsando, wanda babu tallar da ke ambatonsa. Yana nan a kurmin bakin kogi, yana bin mota mai tafiya, kuma baƙi da shuɗi mai duhu su ne launukan da suka fi jan sa. Cizonsa kamar allura, yana ratsa siririn yadi, man sauro na shafawa kuma bai cika korar sa ba. Maganinsa sutura ce: riga mai dogon hannu da wando ko zane mai kauri, launin ƙasa ko ruwan toka mai haske, da safa da rufaffen takalmi. Mata masu baƙar abaya ko shuɗin hijabi su suka fi shan wahala a motar, don haka a tanadi hijabi mai launin ƙasa domin zagayen kaɗai. Fari fat kuma yana tona mutum ga dabba tun daga nesa, ga ƙura. A ɗauki malafa ko hula mai baki, ruwan sha aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane mutum a kowane zagaye, da rigar sanyi in hunturu ne, domin daren Disamba da Janairu kan sauka har wajen digiri 12, iskar buɗaɗɗiyar mota da asuba kuma tana shiga ƙashi.

In Allah ya sa aka yi kiciɓis da giwaye, abin da ake so shi ne direba ya tsaya nesa, ya bar wa kansa hanyar ja da baya, kada ya shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada kuma ya tare musu hanyar ruwa. Kaɗa kunne a hankali fifita ce kawai, zafi take sha. Amma in ta buɗe kunnuwa ta tsayar da su, ta ɗaga kai tana girgizawa, ta yi kururuwa ko ta tako gaba, gargaɗi ne, a ja baya ba gardama. Babu sauka daga mota don hoto, babu tsayawa a kan kujera, babu walƙiyar kyamara. Mun fi yaba wa mai shirin da ke faɗa wa mutanensa wannan tun a bas, kafin zumuɗi ya ɗebe su.

Inda shirin ba ya ba da kunya shi ne Wikki. Ruwan na ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, lita miliyan 21 a kowace rana, yana gangarawa Gaji. Wurin wankan ya kai tsawon mita 200 da faɗin mita 13, ƙasansa farin rairayi, ana hango yatsun ƙafa. Zurfin yana wajen bakin dutsen, kusan mita biyu, yana raguwa in aka yi ƙasa, don haka yara da waɗanda ba su iya iyo ba su tsaya can ƙasa, da babba a tare da su, kada a dogara cewa akwai mai ceto a kusa. Ana sauka ne ta matakala masu yawa, abin lura ga mai ciwon gwiwa. Ga iyalai masu son sutura da natsuwa, ranar hutu da rana ba lokacinsu ba ne, wurin cike yake da samari da kiɗa. Tsakar rana a ranar aiki, bayan an dawo zagayen safe, sau da yawa sai ka samu wurin kusan ba kowa. Wannan ma wani dalili ne na zuwa tsakiyar mako. Sabulu da omo ba su da wuri a cikin ruwan, dabbobi ne ke shan sa a gaba.

Gwaggon biran sansanin sun saba da mutane fiye da kima, kuma masu ziyara ne suka koya musu. Sun san leda, sun san kula, suna murɗa hannun ƙofa, suna shiga ta tagar da aka bari a buɗe, sun fi kuma raina mata da yara. Kada a riƙe abinci a hannu a fili, kada a ba yaro biskit ya fita da shi, a kulle ɗaki da makulli ko ana ciki, a ɗaga gilasan mota. In biri ya fizge abu a bar masa, jayayya da shi ke jawo cizo. In kuwa ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a nufi asibiti a Bauchi a ranar don allurar rigakafin ciwon haukan kare, ba sai an koma Jos ba.

Ɗakunan sansanin sun kai 110, aji-aji, daga na ɗalibai zuwa manya, kuma lafiyarsu ba ɗaya ba ce. Kafin a sauke kaya a duba famfo, da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, da ragar taga, da makulli, in akwai matsala a nemi canji nan take tun ɗakuna ba su ƙare ba. A tambayi sa'o'in da ake ba da wuta, a zo da tocila da batirin cajin waya. Sabis na waya yana zuwa yana ɗaukewa, saboda haka tiransifa ba abin dogaro ba ce, a riƙe tsabar kuɗi. Akwai gidan abinci, amma ayari mai yawa sai an sanar da su tun da wuri, in ba haka ba a yi ta jira. Masu shirin da ke tahowa da dafaffen abincin rana ɗaya a kula daga Jos suna kyautawa, sai dai shinkafar da ta kwana a zafin Afrilu ba ta ciyuwa washegari, a bar ta a ci abin da aka dafa a wurin.

Kogunan Marshall, ɗakuna 59 waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda aka sa wa sunan mai binciken da ya bayyana su a 1980, da rijiyoyin Dukkey guda 139, da ɗan gidan tarihin da ke cikin sansanin mai fatu da haure da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta, duk sun cancanci gani. Kuskuren shi ne a haɗa kogunan da zagayen safe, a ɓata sa'ar farko ta sanyi ana hawan dutse. A bar su zuwa ƙarshen zagaye, bayan rana ta ɗaga.

Tsarin da muke ganin ya dace da kuɗin mutane kwana biyu ne. A bar Jos ƙarfe shida da rabi ba jira, wanda ya makara ya biyo motar haya zuwa Bauchi. A isa Wikki kafin azahar, a huta, a fita zagayen farko bayan la'asar. Washegari a yi asuba a sha shayi a fita kafin bakwai, a dawo wajen goma, a karya, a yi wanka da barcin rana, a sake fita da yamma. Rana ta uku a yi zagayen safe na ƙarshe a kama hanya kafin sha biyu. Zagaye huɗu ke nan a maimakon ɗaya, kuma kuɗin bas da mai, waɗanda su ne kaso mai nauyi, kusan ba su canja ba, ƙarin ɗakin dare ɗaya ne da abinci da motar zagaye. Wanda ba shi da halin kwana biyu, to aƙalla ya dage a juya jadawalin kwana ɗayan: zagaye da yammar Asabar, zagaye da asubar Lahadi, wanka a tsakani. Masu tasowa daga Abuja kuwa, ta Keffi da Akwanga, yini guda hanya ke ci, gara su kwana Jos ko Bauchi su ƙarasa da safe, ko su sauka filin jirgin saman Sir Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi in akwai jirgi a ranar.

Batun tsaro ba a yin sa da labarin bara. A kira hukumar gandun ko wani da ke Alkaleri a makon tafiyar a ji halin da hanya take ciki, kuma kowane jadawali a gina shi yadda duhu ba zai riski mota tsakanin Mainamaji da Dindima ko tsakanin Bauchi da Jos ba. Mai shiri ya rubuta sunayen matafiya da lambar wani nasu a gida, ya ɗauki akwatin taimakon gaggawa da gishirin haɗa ruwan zawo, ya san wanda ke shan magani kullum a cikin ayarinsa. Sauron fadamar Gaji ya fi na Jos yawa nesa ba kusa ba, a kwana cikin gidan sauro, a rufe jiki da magariba. Wanda zazzaɓi ya kama cikin makonni biyu zuwa uku bayan dawowa ya je a gwada jininsa, ya kuma gaya wa likita cewa ya je daji ƙudan tsando ya cije shi.